Kukan Azara a Minti na Uku

Ni na toshe indararon, da hannuna, ranar Talata bayan la'asar. Gara in faɗi wannan tun farko, don har yau ana yabona a unguwa a kan abin da ban cancanta ba.

Sunana Jalaluddeen. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Roni, amma abin da ya ci raina shi ne jita. Ba garaya ba, ba gurmi ba, jitar lantarki, wadda in ka murɗa mata ƙara take kuka kamar ana yanka kwano. Kiɗan rok ke nan. Tun ina ɗalibi a Kazaure na ji shi a wayar wani, ya shige ni, har yau bai fita ba. A Roni ban san mai sonsa ba sai ni, kuma duk wanda ya ce min hayaniya ce kawai sai mun ɓata. Na ɓata da mutane da yawa.

Ɗakin da nake ɗaukar sauti tsohon soron marigayi kakana ne, can ƙuryar gida. Ginin ƙasa ne, rufin azara, samansa a shimfiɗe da ɗan gajeren bango kewaye, ruwan sama ba shi da mafita sai ta indararo guda ɗaya. Na jingina tsofaffin katifu a bango, na manna kiret ɗin ƙwai a ƙofa da taga, sannan na kafe buhuna a ƙarƙashin rufin gaba ɗaya don kada murya ta riƙa dawowa. Ba ni da sandar ɗora makirfo, sai na huda buhun, na buga ƙusa a azarar tsakiya, na rataye shi da igiya daidai bakina. A lokacin har alfahari nake da wannan dabarar.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa ce min in daina ba, Hajja Kaka, mahaifiyar babana. Ita tsiya kawai take min. In ta ga na ɗauko jita sai ta ce, "Maigida, yau ma taron aljanun naka za a yi? Ka ce musu su watse kafin magariba." Ni kuma in ce mata ai da ita za a buɗe taron. Ta haura tamanin, gwiwoyinta sun ƙi, kunnenta ɗaya ya yi nauyi. Ta gano ɗakin nan ya fi ko'ina sanyi da shiru, don haka duk ranar da ba na nan sai ta karɓi mukulli, ta je ta yi barcin rana a kan katifar da na bari a ƙasa.

Ranar Talatar ina ɗaukar muryar wata waƙa da na yi wata huɗu ina fama da ita. Jita na riga na ɗauka, ganguna na haɗa su a kwamfuta, saura murya. Sai aka kama yayyafi, irin marar zuciyar nan da ba ya zuba kuma ba ya tsayawa. Indararon na kwano ne, bakinsa daidai saman taga, ƙarƙashinsa kuma akwai falalen dutse. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Sau bakwai ina ɗauka, sau bakwai ɗigon nan yana shiga, kuma ko tafiya ɗaya ba ya yi da gangunan. Raina ya ɓaci. Na ɗauki reza na yanko soso daga kusurwar katifar ƙasa, na naɗe shi a leda, na kafa tsani, na cusa shi cikin indararon, na bi shi da sanda har sai da ya zauna daram. Aka yi shiru. Na ce da na gama zan cire. Na gama aka kira magariba, daga masallaci na tsaya hira, shi ke nan abin ya fita daga kaina.

Ranar Laraba aka yi ruwa na gaske, tun azahar har la'asar, ina makaranta. Ranar Alhamis na sake ɗaukar wani ɗan wuri a minti na uku, inda duk kiɗan ke tsayawa cak in faɗi layi ɗaya cikin raɗa kafin komai ya sake fashewa. Abin kunne na kaina, ganguna na dukan ƙwaƙwalwata, ban ji komai a ɗakin ba. Ranar Juma'a a zaure na zauna na yi miksin, wato na jera kowa a wurinsa: jita ɗaya dama, ɗaya hagu, murya a tsakiya, na rage wa wannan kauri, na ƙara wa wancan kaifi. Ban shiga soron ba ko sau ɗaya.

Asabar da safe Inna da ƙanwata Khairiyya suka tafi suna Gwiwa. Kawu, ƙanin babana da ke riƙe da gidan, ya tafi gona. Na sa kwamfuta a jaka, na miƙa wa Hajja Kaka mukulli.

"A gaishe da aljanun Kazaure," ta ce.

"Ki kula min da ɗaki, kada ki taɓa jitar."

"Allah ya kiyashe ni."

Abin da ya kai ni Kazaure mastarin ne, matakin ƙarshe. A nan ake danne kan duk sautin da ya yi tsalle, sannan a ɗaga waƙar gaba ɗaya ta yi ƙarfi, ta yadda ko a waya ko a sifikar adaidaita za ta fito da jiki. Wannan ba a yarda da abin kunne kaɗai a kansa, sai da sifika mai faɗin gaskiya, ni kuma ba ni da ita. Abokina Madu yana da shagon gyaran rediyo da amfilifaya, yana ba da hayar sifikoki a biki da wa'azi, kuma yana da sola. Ba ya son rok, bai taɓa ɓoyewa ba, amma kunnensa ya fi nawa, shi ya sa nake haƙuri da bakinsa.

Muka yi sallar azahar muka zauna. Na danne, na ɗaga, na sake dannewa, waƙar ta cika shagon har mai shayin gefe ya leƙo. Daɗi ya kama ni. Muka zo minti na uku, kiɗa ya tsaya, na yi raɗata, kiɗa ya fashe.

"Tsaya, Malam," Madu ya ce. "Mayar da shi baya."

"Ai wurin shiru ne, haka na tsara shi."

"Ba shiru ba ne. Mayar."

Na mayar, ina tsaki a raina. Illar mastarin ke nan: in ka ɗaga waƙa, duk abin da ya ɓuya a ƙasanta shi ma tasowa yake. A bayan raɗata akwai wani ƙara siriri, dogo, ƙiiii, sai ƙas. Daga nan sai wani abu kamar ana zuba gero a kan buhu.

"Wayar makirfon ce ta motsa," na ce.

"Lantarki in zai yi kuka murya ɗaya yake riƙewa, ba ya lanƙwasa. Kashe sauran, bar min muryar kaɗai. Kunna ta tun daga farko, har inda ka yanke ka zubar."

Na kunna ɗanyen ɗaukar ranar Alhamis, tun daga inda nake gyaran murya kafin in fara. Ƙaran ya zo sau huɗu cikin minti biyar. Madu ya ce in kunna ta Talata. Babu shi ko sau ɗaya.

"Me ya canja tsakanin Talata da Alhamis?"

"Ba komai. Ɗaki ɗaya, makirfo ɗaya."

"A kan me kake ɗora makirfon?"

"Ba na ɗorawa. A azara na rataye shi."

Madu ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Mahaifinsa magini ne, ya yi ƙuruciyarsa yana miƙa masa ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Malam, azara ce take kuka. In ƙasar sama ta sha ruwa ta yi nauyi, haka take yi, igiyar kuma ta kawo maka kukan har cikin makirfo. Abin da ke zuba ɗin nan ƙasa ce. Baba in ya ji wannan a gidan mutane ko kaya ba ya bari a ɗauka, mutane yake fara fitarwa. Indararonku toshewa ya yi?"

Na ga ledar, na ga sandar, na ga hannuna yana dannawa. Ruwan Laraba gaba ɗaya yana zaune a kan soron kwana uku, yana ratsa ƙasa a hankali, buhunana kuma sun rufe duk wata alama. Na dubi agogon kwamfuta. Biyu da rabi ta gota, daidai lokacin da Hajja Kaka ke kwanciya.

"Akwai mutum a ciki?" Madu ya tambaya.

Na ɗaga kai kawai.

Na kira wayarta duk da na san a kashe take, don a ƙarƙashin matashinta take ajiye ta wai kada caji ya ƙare. Na kira Kawu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na san tana aljihun rigar da ya rataye a bishiya. Khairiyya ta ɗauka cikin guɗar mata, tana cewa, "Yaya, ɗaga murya, ba na jin ka," to ko ta ji me za ta yi daga Gwiwa? Lambar maƙwabcinmu Malam Hussain ta ƙi shiga.

"Ba ni lambobin, zan yi ta kira," Madu ya ce. "Kai tafi."

Na fito na tarar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kwasar ledoji a titi, masu tebur suna tattara kaya. Na bar kwamfutar a kunne, na hau babur.

Ban san yadda na fita daga gari ba. Ina wuce duwatsun Kazaure ruwa ya tarar da ni, mai manyan ƙwayoyi, yana dukan fuskata har ba na ganin gabana sosai. Tsoro irin wanda ban taɓa sani ba ya kama ni. Ina ta Innalillahi a fili, ina roƙon Allah ya ɗauke ruwan daga Roni ko na minti ashirin. Kuma ga masifar malamin lissafi, kaina ya ƙi yin shiru. Mita huɗu sau mita huɗu. In ruwan ya kai taƙi ɗaya, ya haura tan uku, nauyin buhun siminti sittin da ɗoriya, a kan azarar da ta girmi babana. Na yi ƙoƙarin in ce na yi kuskure a lissafin, na sake yi, ya sake fitowa daidai.

Kusa da Roni akwai wani kwalbati da ruwa ya shanye, mutane sun tsaya da baburansu a ƙarƙashin bishiya suna jira ya ja. Suka yi ta ɗaga min hannu. Na kutsa. A tsakiya injin ya shaƙi ruwa ya mutu. Na ja shi zuwa gefe, na yar da shi a nan da mukullinsa, na kama gudu. Wani yana ƙwala min kira, "Malam, lafiya? Malam!" Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ban tsaya ba.

Na faɗa gida. Kowane indararo a gidan yana amai da ruwa, na ɗakin Inna, na ɗakin girki, na Kawu. Na soron kaɗai ne a bushe. Ruwan ta saman bangon yake malalowa, yana gangarowa ja da ƙasa. A bakin ƙofa ga takalman Hajja Kaka a jere, sun cika da ruwa.

Na tura ƙofar a hankali, don ji nake ko ƙofar na buga zai iya kawo shi ƙasa. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Buhunan sama sun yi ciki sun sauko, suna ɗiga. Makirfon da na rataye daidai bakina yanzu daidai ƙirjina yake. Sai na ji shi, ba ta sifika ba, da kunnena, a saman kaina. Ƙiiii.

Tana kwance a kan kunnenta mai ji, ta lulluɓa da mayafi, tana barcinta ko a jikinta. Na durƙusa na taɓa kafaɗarta.

"Hajja Kaka. Hajja Kaka, tashi."

Ta buɗe ido ta dube ni, jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya ba takalmi. "Maigida, korar ka aljanun suka yi?"

"Don Allah tashi, soron zai faɗi."

"Wane soron? Wannan da kakanka ya gina? Kai dai..."

Ƙas! Ƙasa ta zubo ta hudar igiyar, ta sauka a kan mayafinta. Ta ɗaga kai ta ga buhunan. Ba ta ƙara cewa komai ba sai, "Carbina."

Na fizgo carbin, na juya mata baya, na ɗora ta. Ban san ta yi rashin nauyi haka ba. Jitata tana jingine da bango, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Ba zan yi ƙarya ba, na dube ta. Sai azarar ta sake kuka, wannan karon ba ta tsaya ba, na sunkuya na fita da gudu cikin ruwa, hannuwanta sun shaƙe min wuya.

Na sauke ta a rumfar kwano ta ƙofar ɗakin Inna. Sai wata wauta ta zo min, cewa in na hau tsani na zare soson ruwan zai sauka, komai ya tsira, babu ma wanda zai sani. Na juya. Ta cafke gefen rigata da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ina za ka?"

"Yanzu zan dawo."

"Zauna."

Ban kai ga zama ba soron ya tafi. Bai yi ƙarar da nake tsammani ba. Wani dim ne mai nauyi da na ji a tafin ƙafata, sai ƙofar ta buɗe da kanta, jan ruwa da laka suka kwararo tsakar gida ɗauke da kiret ɗin ƙwai. Bangon gaba ya biyo baya. Na zube a ƙasa ina kuka kamar yaro, ita kuma tana riƙe da rigata har lokacin.

Kafin la'asar gidan ya cika. Madu ya samu Malam Hussain a waya daga baya, maƙwabcin namu ya shigo da gudu bayan komai ya wuce. Kowa ya shigo sai ya dafa kaina. Wai Allah ne ya nuna min, wai daga Kazaure jikina ya ba ni, wai albarkar kula da tsohuwa ce. Wata maƙwabciya har cewa ta yi ashe kiɗan nan bai taɓa min imani ba. Kawu kaɗai ya tsaya a gaban tarin ƙasar yana girgiza kai. "Da hannuna na yi yaɓen soron nan kafin ruwan fari," ya ce. "Da hannuna na share indararon. Ban gane ba." Na sunkuyar da kai. Tsoron farko ya tafi, wani ya maye gurbinsa.

Madu ya kira ya ji lafiya. Ya ce kwamfutar tana nan, kuma ƙaran nan abu ne mai sauƙin yankewa, ko ya yanke min? Na ce ya bar shi yadda yake. Ba wata hikima ba ce, maganar waƙar ce ba na iya yi.

Washegari da hantsi ana kwasar ƙasa. Na tono wuyan jitar daban, gangar jikinta daban. Hajja Kaka tana zaune a kujera 'yar tsugunno a gefen rumfa, indararon ya faɗo kusa da ita, ya lanƙwashe. Na ga tana zungurar cikinsa da sandarta.

"Jalaluddeen," ta kira.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na je na durƙusa. Ta zare wani abu daga ƙarƙashin mayafinta ta sa min a hannu, ta rufe yatsuna a kansa. Soson ne, a cikin ledarsa, ya sha ruwa ya yi nauyi.

"Tun ranar Laraba na ga gurbinsa a katifar," ta ce a hankali. "Na ce ɓera ne."

Na jira tsiyar da za ta biyo baya. Wallahi da ta zage ni, ko ta ce ashe ɓeran mai gemu ne, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba.

"Jiya ban runtsa ba," ta ce. "Duk sanda na rufe ido sai in buɗe in duba sama. Shekara tamanin ina kwana a ƙarƙashin azara, ban taɓa dubanta ba. In kun gama, ka fito min da gadona nan rumfa."

"Hajja Kaka, ɗakinki lafiyarsa ƙalau, Kawu ya hau ya duba."

"Na sani. Ka fito min da shi."

Na ce to. Na miƙe, soson yana ɗiga a kan ƙafata, na nufi inda Kawu yake kwasar ƙasa, in nuna masa.